Falle Ɗaya-Ɗaya a Bakin Kogin Gaya

A Maraɗi na fara gane cewa kuɗin da nake taƙama da su ba su da nauyin da nake zato. Naira ce cike da jakar hannu, kwasar adashina da kuɗin tumakina, na rungumo ta tun daga Jibiya ko gyangyaɗi ban yarda na yi ba. Mai canji ya karɓa ya ƙirga, ya danna wayarsa, ya miƙo mini 'yan takardun sefa da suka shige lalitata har da sauran wuri. Na tsaya ina jiran ciko. Ya ce, "Hajiya, ai sun cika." Ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa takawa ba, ranar aka naɗa ni Hajiya, kuma ban ji daɗin naɗin ba.

Sunana Hinde, a Ƙofar Durɓi nake aure, cikin birnin Katsina. Sana'ata ɗinkin zanin gado, irin mai kaurin nan da ake shimfiɗa auduga tsakanin yadi biyu a bi shi da layin ɗinki, a haɗa da rigunan filo da labule. Amaren unguwarmu da dama da ɗinkina aka kai su ɗakin miji. Sai yadi ya haukace. Kuɗin da a da nake ɗauko bandir guda da su, suka koma ko rabi ba sa saye. In je kasuwa a nan Katsina in dawo da ciwon kai, in hau mota in je Kano in dawo da ciwon kai da asarar kuɗin mota. Iyayen amare suka koma gwanjo, kekena ya fara wuni a lulluɓe da tsumma.

Da sana'ar ce kawai, da na haƙura na koma suyar ƙuliƙuli. Amma an sa ranar Murja. Murja ɗiyar yayata Abu ce, wadda ta rasu yarinyar tana firamare, ni na ƙarasa rainonta. A wurinmu kuwa in an kai amarya, washegari matan dangin ango za su zo ganin ɗaki, kuma gado suke fara dubawa. Na marainiya ma sun fi ƙura masa ido. Ni da na yi wa 'ya'yan mutane, na ɗaukar wa kaina cewa gadon Murja zai fito yadda babu wadda za ta tuna ba ta da uwa. Har kalar na zaɓa a raina: ruwan madara, a zagaye shi da ruwan hanta. Aka ce mini a Kwatano jiragen ruwa ke sauke yadi, can ne tushen arha. Malam, maigidana, ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda bisa sharaɗin in bi ayarin wata 'yar kasuwa da ɗan'uwansa na Maraɗi ya sani, Hajiya Tsahara.

A tashar Maraɗi na same ta zaune a kan buhun albasar wani, gajeriya, mai jiki, haƙoranta sun rine da goro, ƙafar hagu a kumbure cikin silifa. Mata sun kewaye ta, kowa da tambayarta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke ce ɗiyar Birni? Kin zo lahiya? Ina mutanen gidanmu? Don mu na Katsinawan gaskiya, ku tsaron ganuwa munka bar muku."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Ai kuwa mun tsare, Hajiya. Ku ne dai kuka tafi ba ku waiwayo ba."

Ta yi dariya har tana tari, ta matsa mini gefen buhun. "Zamna nan. Wagga tana da baki, za ta iya tahiya."

Daga Maraɗi zuwa Doso hanya ce da ba ta son ƙarewa. Ni kaɗai ce mai katin Najeriya a motar, don haka duk shingen da aka tsaya sai an kira ni ƙasa. Ban taɓa sauka ni kaɗai ba. Hajiya Tsahara za ta dafa kujera ta miƙe da ƙafar nan tata, ta biyo bayana tana ɗingishi, ta tsaya gaban masu kaki ta zuba musu Faransancin kasuwa, ta haɗa da Hausa, in bai ci ba ta juya Zabarmanci. Abin da nake tsinta kawai shi ne, "Ɗiyata ce." Da abin ya yi yawa na ce mata ta zauna ta huta wa ƙafarta. Ta ce, "In na bar ki, da wane baki za ki yi musu magana? Da na Ƙohwar Durɓi?"

Haka kuma in ta buɗe kwanon dambunta, hannun kowa a ciki, har da na matar da ta shigo a hanya ba wanda ya san sunanta. Ni da aka raine ni da cewa ba a cin abincin baƙo a mota, na mayar da biskit ɗina jaka na kai hannu.

A Doso wata doguwar mace siririya ta shigo ayarin. Hamsatu sunanta, Bazabarma, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. Ita ce mafi ƙarancin jari a cikinmu, jakar buhu ɗaya gare ta, silifanta a ɗinke da zare. Kusa da ni ta zauna. Da warin man mota ya tayar mini da zuciya, ta kwance lemun tsami daga bakin zaninta, ta huda da farce, ta kanga mini a hanci. Ta ja kaina ta ɗora a kafaɗarta. Ƙashi ne zalla, amma a kai na yi barcina na farko tun barina gida.

A Gaya ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara. Gada tana nan tsaye, amma a rufe, saboda wata rigimar manya da har yau ban san kanta ba. Kowa sai ta jirgin fito. Ni 'yar Katsina, ruwan da na sani mafi faɗi shi ne kududdufin bayan unguwa in damina ta yi albarka, sai ga ni cikin katako ana tsallaka Kwara da ni. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Hamsatu ta riƙe wuyan hannuna ba ta saki ba sai da ƙafata ta taka laka. A wancan gefen, wato Malanbil ta ƙasar Benin, na ga wasu mata masu komawa gida sun baje atamfofi a gindin wata bishiya, suna kwancewa suna sake ɗaurewa. Na tambayi Hajiya ko ciniki suke yi. Ta ce, "In munka komo kya gani."

Daga nan muka yi ta gangarawa kudu. Itatuwa suna ƙaruwa, Hausa tana raguwa. Gero ya ɓace, doya ta bayyana, kiran salla ya koma sai an kasa kunne. Kafin mu isa Kwatano na daina gane ko kalma ɗaya ta masu talla a tagar mota.

Kwatano gari ne da zufa ba ta bushewa. A unguwar Zango muka sauka, a wani ɗaki da fatake mata suka saba kamawa, tabarma kusa da tabarma. In na yi wanka, kafin in ɗaura zani na sake jiƙewa. Tuwonsu mai tsami ne a naɗe cikin ganye, nakan ci ne don kada in faɗi. Na yi kewar furar gidanmu, na yi kewar rediyon Malam da kullum nake mitar ƙararsa, har kukan kekena na yi kewa. Da Murja ta kira a wayar Hajiya ta ce, "Inna, kin ci abinci?" sai na miƙa wayar na juya fuska bango.

Amma kasuwar, Allah mai iko! Ban taɓa ganin inda mata suka riƙe kasuwa haka ba. Manya-manyan mata zaune a gindin tulin atamfa har rufi, lissafi a ka, yare iri-iri a baki, in sun ga irinmu su juya Hausa su ce, "Hajiya, zo, kaya mai kyau." 'Yan mata su ɗauki dilar da maza biyu za su yi nishi a kanta, su ɗora a ka su ratsa tsakanin babura ko waiwaye babu. Su kuma matan ayarinmu, da a mota za ka ɗauka tsofaffi ne masu jan carbi, suna shiga layin yadi suka zama wasu mutane dabam. Hajiya Tsahara ta manta da ƙafarta. Ta shafa yadi da bayan hannu ta ce wannan zai yi wanki, wancan ba zai kai Salla ba. Na bi ta da ido ina jin daɗin kasancewata mace. Arhar dai ba ta kai yadda aka zuga ni ba, in aka cire canji da kuɗin mota, amma akwai ta. Hajiya ta ce in bi ta a hankali, kada in sayi ko allura sai ta gani.

Ban bi ba. Wata rana da hantsi na ɗan ja baya ina taya wani yadi, sai na ji an ce, "Wannan harshen ai na gida ne. Baiwar Allah, daga Katsina?" Wani dattijo ne cikin farar kaftani, da carbi a hannu. Na ce daga Ƙofar Durɓi. Ya dafe ƙirji. "Allahu akbar! Ni ɗan Ƙofar Ƙwaya ne. Ya mutanen gida? Mai furar nan ta bakin masallaci tana nan da rai?" Wace unguwa ce ba ta da mai fura a bakin masallaci? Amma a lokacin ban yi wannan tunanin ba, idona ne ya ciko. Ya ce ba zai bari 'yar'uwarsa ta sayi kaya a hannun bare ba. Ya kai ni wani sito a bayan layi, ya warware mini bakin wani jan yadi mai nauyi, mai sheƙi, ya faɗi kuɗin da ya sa na ji kamar in rangaɗa guɗa. Na zuba masa kusan rabin lalitata. Har addu'a muka shafa tare, ya ce in gaida masa gida.

Na isa masauki ina jin kaina, so nake Hajiya ta san 'yan Birni ma sun iya ciniki. Ta warware bandir ɗin, ta wuce bakinsa, ta kama na ciki ta murza. Farin gari ya zubo mata a cinya. Ta lashi yatsa ta goga a yadin, ta goga a gefen farin mayafinta, wurin ya yi ja.

"An ci ki, ɗiyata," ta ce. "Bakin na gaskiya ne, cikin kuwa sitaci ne da rini. In ya ga ruwa zuba zai yi."

Muka koma tare, sito a kulle, maƙwabta suka ce ba su san wani mai farar kaftani ba. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Washegari ta ja ni wurin wata Bayarabiya da take kira Iya, suka zauna ciniki tun safe har rana ta take, su yi faɗa, su yi dariya, su sha ruwa a kofi ɗaya, su koma faɗa. Na ji Hajiya ta ambaci marainiya. Iya ta dube ni, ta yi tsaki, ta sa aka sauko da bandir na ruwan madara mai laushi, irin wanda nake gani a raina tun daga gida, ta ƙara da ruwan hanta daidai na zagaye. Abin da ya rage a lalitata ya biya, da ƙyar. Hajiya ta ce jan yadin nan in bar shi a Zango ko nawa aka taya. Na ce kuɗin tunkiyata ne, ba zan bar shi a ƙasar wasu ba. Na haɗa su a dila ɗaya, na naɗe da leda, na ɗaure tam.

Tun daga ranar zuciyata ta rufe. A kan dilar nake ta da kai. In wata ta matso kusa da ita, ko tsintsiya take nema, sai na ɗaga ido.

Ana gobe za mu taso, Hajiya ta ce in yafa mayafi in biyo ta. Ta tare mana 'yan acaɓa masu riga ruwan ɗorawa, suka kai mu bakin teku. "Ki kalla," ta ce, "kada ki koma Birni a ce mi kinka gani ki ce yadi." Muka tsaya ruwa yana zuwa yana komawa, ba a ganin ƙarshensa. A nan ta gaya mini mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, da wannan hanyar ta ciyar da su, ta aurar da matan, ta sa mazan makaranta, kuma hanyar ce ta cinye mata ƙafa. Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin farashin albasa. Ni kuwa ina saurare, amma rabin hankalina yana kan dilar da na bari a ɗaki.

Da muka dawo Malanbil kogi ya ƙara cika, ya yi ja, yana tafe da ciyayi. Matan suka nufi gindin bishiyar nan, aka shimfiɗa tabarmi, kowa ta kwance kayanta. A nan na ga abin da Hajiya ta ce zan gani. Kowace mace tana da alamarta a bakin turmi, wata jan zare, wata baƙi, wata ƙulli biyu. Sai a ɗebi na wannan a haɗa da na waccan, a sake ɗaurewa dila-dila, ta yadda babu dilar da ta zama ta mutum ɗaya, kuma babu macen da kayanta suka taru a jirgi ɗaya. In an haye, a kwance kowa ta tsinci nata. Ba takarda, ba shaida. Aikin yana cin rabin yini, suna yi suna hira, wata tana ba jaririnta nono.

Hajiya ta miƙo hannu. "Kawo naki, Hinde. A yanka bandir ɗin gida uku, a raba cikin namu."

Na ce a'a.

"Ɗiyata, kaya guda cikin jirgi guda, in ya tahi ya tahi da ke duka. Mu nan in ruwa ya taɓa, kowa kaɗan taka ji. Haka munka iske ana yi tun kahin a gina gadar ga."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Wanda ya kira ni 'yar'uwa ma ya cuce ni. Kayana ba za su bar idona ba."

Maganar ta fita kafin in auna ta, kuma na ga inda ta sauka. Hamsatu da ba ta jin Hausa sosai ita ma ta gane, ta sunkuyar da kai tana ƙulla zarenta. Hajiya ta janye hannunta, ta gyara tabarau. "To. Allah shi tsare," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Jirgin da na shiga ya ɗauki mutane da buhunan masara da babur guda. Na zauna a kan dilata na riƙe igiyar da hannu biyu. Mun wuce tsakiya lafiya, har na fara ganin fuskokin 'yan dako a gaɓar Gaya. Sai wani jirgi mai inji ya wuce kusa da mu a guje, ruwan da ya tayar ya daki gefenmu daidai lokacin da masu gaggawa suka miƙe tsaye. Jirgin ya karkata. Na ji dilar ta sulluɓe daga ƙarƙashina, wani hannu kuma ya damƙe ni ta baya. Hamsatu ce. Da ba ta riƙe ni ba da na bi kayana, don ban saki igiyar ba sai da ta yanke mini tafi.

Dila biyu suka faɗa, tawa da ɗaya daga cikin na ayari. Wurin ba zurfi sosai, 'yan fito suka yi nutso suka laluba, amma kafin su jawo tawa daga cikin laka ledar ta yage, ta sha ruwa ta ƙoshi.

A kan yashi muka baje. Dilar ayari da aka kwance, kowa ta samu turmi ɗaya ko biyu nata a jiƙe, aka yi salati aka shanya, wata har tana tsokanar wata cewa kayanta sun riga ta wanka. Ni kuwa da na warware ruwan madarar Murja, jan yadin nan ya gama aikinsa. Tun daga farko har ƙarshe ya bi shi, wani wuri ja, wani wuri ruwan hoda, kamar an yanka kaji a kai. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da Yaya Abu. Gadon nake gani, da matan da za su tsaya a kansa.

Ƙarar yagewar yadi ce ta sa na ɗago. Hajiya Tsahara ce tsaye, ta warware turmin atamfa sabo fil daga cikin busassun kayanta, ta ɗan tsaga baki da reza, ta ja. Ta ninke falle ɗaya ta ajiye a gabana. Duk wanda ya san atamfa ya san abin da ta yi, turmin da aka cire wa falle ya tashi daga kayan sayarwa, sai dai a ɗaura a gida. Ta juya ta dubi sauran. Sai na ji wata yagewar a bayana, sai wata a gefe.

Na ce, "Hajiya, don Allah ku bari. Ni fa ban shiga cikinku ba. Ni na ƙi da bakina."

Ta ce, "Kayanki ne ba su shiga ba. Ke kin shiga tun Maraɗi, da kinka sa hannu cikin kwanona. Kuma ba naki ba ne, na ɗiyar ne."

Kore, ruwan goro, mai zanen fitila, mai ganye, mai tsuntsaye, suka taru a gabana. Hamsatu ce ta zo ƙarshe. Ita da duka kayanta ba su fi a rungume da hannu ɗaya ba, kuma a cikinsu ma akwai jiƙaƙƙe, ta zaɓi busasshe, shuɗi mai ɗigon fari irin na jikin zabo. Na riƙe hannunta na ce a'a, ke kam a'a. Ta fizge. Ta nuna zanin ta ce, "Ɗiya, babu uwa." Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Ni ma." Ta yaga.

A Doso ta sauka. Ba ta da waya, ban san sunan ƙauyensu ba. Ta ɗora ɗan ƙunshinta a ka ta ratsa tasha, ina kallon bayanta ta taga har mota ta juya. A Maraɗi kuma na durƙusa gaban Hajiya zan nemi gafarar maganata, ta cusa mini goro a hannu ta ce, "Tashi, motar Jibiya za ta cika. Ki gaida muna masu tsaron ganuwa."

Na iso Katsina da zannuwa iri-iri da babu biyu masu kama da juna, a nan kuma wata damuwar ta taso. A sana'armu zanin gadon amarya yadi ɗaya ne, kala ɗaya. Haɗa ƙyalle da ƙyalle kuwa aikin tsumman goge-goge ne, ko rigar mahaukacin kasuwa. Malam ya ce in sayar da su in sayo ko wane iri ne a gwanjo, a rufa asiri. Na kai hannu zan kwashe in kai kasuwa, na ga shuɗin Hamsatu, na mayar.

Murja ce ta same ni zaune a gabansu. Ta tambaya, na ba ta labari tun daga Maraɗi, ban rage ko maganar da na yi a gindin bishiya ba. Ta riƙa ɗaukar kowane falle tana tambayar mai shi, ina faɗa mata suna da gari. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon zani da na sani sarai, wanda Yaya Abu take ɗaurawa ranar Juma'a.

"Inna, ki haɗa su. Wannan ki sa shi a tsakiya."

Na ce, "Murja, za a yi da mu a gari."

Ta ce, "A yi."

Na yaye wa kekena tsumma. Na yanyanka zannuwan gida-gida, na tsinci 'yan wuraren da ja bai taɓa ba a jikin ruwan madarar na raba tsakaninsu da shi, ruwan hantar Iya da ya tsira ya zagaye baki. Ban taɓa ɗinkin da ya ba ni wuya irinsa ba. Kore ba ya son zama kusa da ruwan goro, kusurwa kuma in ta kauce da kaɗan sai duk layin ya karkace, in farke in sake. Da na gama na shimfiɗa shi a tsakar gida, ni kaina ban san ko kyau ya yi ko hauka ba. Malam ya zagaya shi ya ce, "Ikon Allah," ya fita bai fayyace ba.

Ranar ganin ɗaki ina tsaye a bakin ƙofa. Murja tana zaune a gefen gado a lulluɓe, kamar yadda amarya take yi, ko numfashinta ba a ji. Dangin ango suka shigo da guɗa, a gabansu gwaggonsa, wata Hajiya mai zobban zinariya wadda tun kafin biki aka gargaɗe ni da bakinta. Ta dubi kwanuka, ta dubi labulen da na samo a gwanjo, ta zo ta tsaya a kan gado. Ta kama bakin zanin ta murza, ta juya bayansa ta bi ɗinkin da farce.

"Ɗinki dai ya yi," ta ce. "Amma guntu-guntu? Allah sarki. Abin da rashin uwa ke jawowa ke nan."

Sai na ga hannu mai lalle ya fito daga ƙarƙashin mayafi ya sauka a kan koren.

"Wannan na Hajiya Tsahara ne, ta Maraɗi," in ji Murja. Amarya ba ta magana a wannan zama, ƙawayenta har suna zungurar ta, ba ta fasa ba. Hannun ya matsa. "Wannan na Hajiya Rabi ne, ta Tasawa. Na bakin nan daga wurin Iya, ta Kwatano. Shuɗin nan na Hamsatu ne, ta wajen Doso." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba, har ta zo tsakiya. A nan hannun ya daɗe. "Wannan na Ummata ne. Inna ce ta haɗa."

Gwaggon ango ta saki bakin zanin, ta juyo ta dube ni.

"Duk waɗannan da ta lissafa, su wa ke nan?"

Na ce, "Iyayenta ne, Hajiya. Hanya ce ta yi musu nisa, shi ya sa ba ki gan su ba."

Ta sake duban gadon. Sannan ta sunkuya, ta sa tafin hannu ta shafe wurin da ta yamutsa.